Takalman Kan Rufin Madafa

Sabon Gari, Maraɗi

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Sani, a gidan kawunsa Idi, Yamai.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da kawunka da iyalinsa duka. Allah ya tsare mini kai a zaune da a tsaye, ya tsare ka daga motocin Yamai waɗanda aka ce ba sa tsaya wa mutum.

Mu nan gida da sauƙi. Babanka lafiya lau, sai tarin nan na safe da ya ƙi rabuwa da shi. Har yau yana zuwa biro, wurin aikinsa na gwamnati, yana dawowa, albashi shiru. Yayarka Dije an cire mata haƙorin da ke damunta, yanzu da gefe guda take tauna gyaɗa, ɗanta kuma ya fara rarrafe. Kakarka ta Tibiri ƙafafunta sun kumbura, amma bakin lafiyarsa ƙalau, don ta aiko a tambaye ka ko mutanen Yamai sun san tuwo, ko shinkafa kaɗai suke ba ka. Akuyar nan mai ɓarna ta haifi biyu. Ni kuwa ba abin da ke yi mini ciwo. Barci ne dai ya yi mini ƙaura tun ranar da Malam Habu, direban da ya kai ka, ya dawo da saƙon kawunka.

Saƙon ya ce tun da ka sauka ba ka fita gudu ba ko sau ɗaya. Ya ce kana wuni a fadar samarin unguwa, kuna shan shayi kuna gardamar jam'iyyu, kuma ka gaya wa kawunka ba ka ga amfanin sake rubuta sunanka a konkur, wato jarrabawar shiga aikin gandun daji, ba. Sani, ka san abin da na sani. Gwajin gudu ne ya kayar da kai bara, ba takarda ba. Ka kuma san bana ce ta ƙarshe gare ka, baɗi shekarunka sun haura, ba za su karɓe ka ba. Kawunka ya ce bayan Sallar layya da kwana kaɗan za a rufe rubuta suna. Shi ya sa na ɗauki bik na rubuto maka da kaina. Ka yi haƙuri da layukan da suka karkace, ka san hannun da ya tsufa da muciya kafin ya san alli. Ban so in je wurin mai rubuta wasiƙa ba, don akwai maganar da ba a faɗa a bakin tasha.

Ba faɗa zan yi maka ba. Ni ban taɓa yin gudu don gudu ba, in ba kare ya biyo ni ba. Amma na san fara abu, na san barinsa, na kuma san kunyar komawa. A nan na fi ka daɗewa.

Bari in fara da nawa hannun a cikin wannan magana.

Ka tuna safiyar da ka tayar da Sabon Gari. Lokacin makarantar lise a rufe, ɗalibai da ma'aikata suna fita zanga-zanga yau da gobe, kowa kunnensa a tsaye, mata muna kwana da tsumma a kusa da randa saboda barkonon tsohuwa. Kai kuma ka sayi takalman gudu a wurin ƴan gwanjo, ka fita bayan sallar asuba, ba ka gaya wa kowa ba. Ka bi ta gaban Hajo mai ƙosai kamar an harbo ka. Ta ce, "Sani, lafiya?" Ba ka amsa ba, don numfashin amsawa babu. Ita kuwa ta ga saurayi yana gudu, ido a waje, bai iya magana ba, sai ta kurma ihu, "Sun taho!"

Sauran ka fi ni sani, tun da kai ne a gaba. Ɗan Ladi mai shayi ya kifar da bencinsa. Mai ga-ruwa ya yar da garwa biyu a tsakiyar hanya. Tela ya ja ƙofa ya kulle almakashinsa a waje. Unguwa guda ta bi bayanka, har Alhajin nan mai ƙaton tumbi, wanda ko masallaci sai a mota, aka ce ya wuce ka kafin a kai hanyar unguwar Zariya. Da aka gaji aka tsaya a bakin gudoro, titin kwalta, kowa yana tambayar na kusa da shi, "Su wa ne? Ina suke?" Kai kana dafe da gwiwa ka ce, "Ni motsa jiki nake yi." Tun ranar aka sa maka suna Sun-Taho.

Yau in na tuna ina dariya har hawaye. Ranar ban yi dariya ba. Na ga motar ƴan sanda ta shigo duba abin da ya faru. Ba su taɓa kowa ba, suka juya, amma ni tsoro ya riga ya shige ni, don a makon nan ne aka kawo ɗan maƙwabtanmu da karyayyen hannu, an tattake shi a wurin gudun zanga-zanga. Da ka shigo gida na karɓi takalman a hannunka, na wurga su kan rufin madafa, na ce in ka hau ka sauko da su ban yarda ba. Babanka ya ce, "Ke, a yi haka?" Na ce an yi. Kai ka juya ka shige ɗaki. Ba ka hau ba. Da ka yi mini gardama ma da ya fi mini sauƙi.

A can suka yi damina, suka yi rani, kowa ya shigo gidan yana ganinsu. Da konkur ya zo ka ari na abokinka, ka shiga fili da ƙafafun da suka yi watanni a zaune. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni ce kuwa na ɓoye maka wuƙar fafewa.

Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne: tsorona nawa ne. Uwa ba ta rasa abin tsoro, in ka zauna zan ji tsoron zaman, in ka tashi zan ji tsoron tashin. Kada ka auna tafiyarka da shi. Haka nan dariyar mutane. Waɗanda suka sa maka Sun-Taho su ne suka bi ka a guje ba su san dalili ba. Kai kaɗai ne a cikin taron nan ka san abin da ya sa kake gudu. Wa ya kamata ya yi wa wani dariya?

Na biyu, maganar yadda ka yi gudun bara. Abokinka ya ba ni labari. Ya ce da aka busa usur ka fita kamar ɓarawon da aka yi wa ihu, ka bar kowa a baya, mutane suna tafi. Kafin a yi rabi ka fara tangaɗi, daga nan ka durƙusa kana amai, waɗanda ka bari suka zo suka wuce ka ɗaya bayan ɗaya. Da yana faɗa sai na ji kamar labarina yake bayarwa, don wannan halin a nono ka sha shi.

Lokacin da aka kawo ni daga Tibiri gidan su babanka a Jiratawa, tun ba a gina magudanun ruwan nan ba, matan gidan suna ɗaukar tumatir da albasa daga lambu su kai kasuwar Maraɗi a ka. Ranar farko da aka ɗora mini kwando na ce yau za su san ƴan Tibiri ba ragwaye ba ne. Shugabar tafiyar wata tsohuwa ce, Gwamma. Ba ta salla, tana da ɗakin iskokinta a bayan gida, amma duk matan garin a bayanta suke jeruwa in za a kasuwa. Na ga suna wata irin tafiya, ƙananan taku, gwiwa a sake, kaya yana lilo a hankali, baki kuma bai huta ba, ana ta hira. Na ce a raina, waɗannan sai azahar. Na ratse na wuce su.

Gwamma ta ɗaga murya ta ce, "Ke amarya, kasuwar guduwa take yi?"

Na yi kamar ban ji ba. Na yi nisa har na daina jin muryarsu, ina jin daɗin kaina. Da na shiga yashin gulbi sai ƙirjina ya ɗauki wuta. Wuya ya ƙage, idanu suka yi duhu. Ban san sa'ad da na zauna ba, kuma a kan kwandon na zauna. Ina nan zanena ya jiƙe da ruwan tumatir, ina haki kamar tunkiya a rana, sai ga su sun iso da takunsu na ɗazu, ba su ƙara ba ba su rage ba, suna kan maganar wata da ta yi rowar goro a sunan jikanta. Gwamma ta tsaya a kaina, kayanta a ka, ko gumin kirki babu. Ta dube ni, ta dubi tumatir, ta ce, "An yi miya, saura tuwo." Mata suka fashe. Sannan ta miƙo mini goran ruwa ta ce, "Ƴar Tibiri, ji nan. In numfashinki bai isa ki yi gulma ba, saurinki ya yi yawa."

Washegarin kasuwa ta sa ni a bayanta, ta ce in ba ta labarin danginmu kaf, daga kakanni. Duk sa'ad da maganata ta fara yankewa sai ta rage taku. Da na farga muna cikin kasuwa, ban gama da dangin uwa ba. Wannan ita ce sassarfa, ba tafiya ba ce, ba kuma gudun tsira ba. Da ita na yi shekaru ina kai kaya, har da cikin Dije.

To Sani, ga shawarata, kuma ita ce babba a takardar nan. Ka riƙa gaida mutane kana gudu. Duk wanda ka wuce ka ce masa ina kwana, ka tsaya wa amsar da kunne, ka ce lafiya lau, ya iyali. In ka ga gaisuwar ba ta fita cikakkiya, ka rage. Ka ga tsuntsu biyu ke nan. Ƙirjinka ba zai ƙone tun a farkon hanya ba, kuma ba wanda zai ga saurayi yana tambayar lafiyar iyali ya ce an taho. Da ka amsa wa Hajo a safiyar nan, da bencin Ɗan Ladi bai kife ba, da takalmanka ba su hau rufi ba. Saurin da ake nema ranar gwaji zai zo da kansa in ƙafa ta saba. Na san akwai masu koyar da wannan a filin wasa, ka tambaye su yadda ake ƙara sauri, su suka san wannan. Ni abin da na sani shi ne yadda ake isa.

Na uku ya fi wuyar faɗa, don shi ne inda kake yanzu.

Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a unguwarmu, ka tuna yadda na yi. Makon farko har bangon madafa na cika da gawayi. Ina tuƙa tuwo ina zana harafi a kan marar. Na rubuta sunana na kai wa babanka kamar na kawo masa kujerar Makka. Farkon abu daɗi gare shi, kowace rana da sabon abin da za ka nuna. Daga baya sai aka shiga wani wuri mai faɗi, kamar yashin gulbin nan. Ina zuwa, ina dawowa, ban ga na ƙaru ba. Abin da na karanta jiya yau ya gudu. Yaran da na goya suna leƙowa ta taga suna dariya. Sai na fara cewa yau ba ni da zuciyar zuwa, gobe in na ji daɗi zan je. Goben ta yi ta haihuwar gobe. Ana haka Madam ɗinmu mai koya mana ma ta shiga yajin aiki, na ce alhamdu lillahi, ba ni na bari ba, ƙasa ce ta tsaya. Ka ji irin dalilin? Na san ka gane shi.

Da aka sake buɗewa kunya ta hana ni komawa. Na ce na manta komai, za a mai da ni wurin masu zana sanda da ƙwai. Hajo ce ta fitar da ni, ita dai mai ihun nan. Kowace la'asar sai ta tsaya a ƙofa da allonta ta ce, "Uwar Sani, tashi."

Na ce, "Yau ba ni da zuciya."

Ta ce, "Bar ta nan, in ta ga mun tafi za ta biyo mu."

Na ce, "Kaina ya toshe, Hajo."

Ta ce, "Nawa a buɗe yake? Tashi mu je ko alli ne mu ci."

Wata rana na tashi don kawai ta bar mini ƙofa. Kuma gaskiyarta, zuciyar ta same mu a hanya. Ba kullum ba. Akwai ranakun da na je na dawo ba ta zo ba, amma na je. Abin da ya ba ni mamaki, da na riƙe alli sai hannu ya tuna abin da kai ya manta. Na koma baya, amma ban koma farko ba.

Don haka kada ka zauna jiran ranar da za ka ji sha'awar gudu. Sha'awa baƙuwa ce, ba ta da ranar zuwa. Ka yi sallar asuba, ka ɗaura takalmi kafin ka tambayi kanka ko kana so. Ka ce bakin titi kawai zan kai. In ka kai ka ga ba dama, ka dawo, ba laifi, ka dai fita. Ka nemi Hajonka a Yamai, wani da shi ma zai shiga gwajin, wanda zai tsaya a ƙofar kawunka ya dame ka. Kada ka zaɓi wanda ya fi ka nesa, zai karya maka gwiwa, kada kuma ka zaɓi mai saurin cewa a bari sai gobe. Makon farko cinyoyinka za su yi tsami, za ka ga inda kake kaiwa da can yanzu ba ka kaiwa. Kada ka ce an koma farko. Ƙafa ma tana tunawa. Ranar kuma da ka ji jikinka kamar doki, ita ce ranar da nake tsoro, kada ka ƙarar da kanka, ka bar saura don gobe.

An ce ka ce ko ka yi gudun, wuraren na masu uwa a gindin murhu ne, sai mai katin jam'iyya. Ban sani ba, ɗana. Ni ba na cikin biro, kuma zamanin nan kowa da abin da yake faɗa. Babanka ya ce ana yi, ya ce kuma ya ga ƴaƴan talakawa sun shiga. Abin da zan ce shi ne, in za a hana ka, a hana ka kana tsaye a bakin layi ka iso da ƙafarka. Wannan zan iya ɗauka, kai ma za ka iya, mu bar wa Allah. Wanda ba zan iya ɗauka ba shi ne ka kai shekaruna kana cewa da na gwada. Kuma tun kana ƙarami kake bin kakanka dashen itace a Jiratawa, kana faɗa da masu saran gawo. Ba ni na zaɓa maka aikin nan ba, kai ka zaɓa.

Yanzu ka bar ni in yi halina kaɗan. Kada ka bi ta gaban barikin soja. Ranar da ka ji a rediyo za a fita zanga-zanga, ka yi gudunka a tsakar gida ko ka haƙura. Katin shaidarka ya kasance a aljihu, ka sa matar kawunka ta ɗinke bakin aljihun da zare ɗaya. Kada ka yi gudu da rana tsaka. Ka sha ruwa. Ka bi gefen da kake ganin mota tana zuwa. In gwiwa ta yi ciwon da ya kwana biyu, ka huta, ka shafa man kaɗanyar da kakarka ta aiko, in bai bari ba ka je likita, kada ka yi jarumta. Kada ka bi bakin kogi kai kaɗai. Na san na ce kada ka auna tafiyarka da tsorona. Ban janye ba. Amma waɗannan ka ɗauka.

Ƙunshin da Malam Habu zai ba ka tare da takardar nan, ka buɗe shi da kanka. Ranar Juma'ar da ta wuce na kifa turmi a gindin madafa na hau, da gorar kaɗe yanar gizo a hannuna. Babanka yana riƙe da turmin yana cewa, "Sauko, tsohuwa, bari in kira yaro." Na ce wadda ta jefa ita za ta sauko da su. Ɗaya ya faɗo a kan akuya, ɗaya a kan babanka. Rana ta cinye launinsu, ƙasan ya ɓare, ƙadangare har ya yi ƙwai a cikin na hagu. Na kai wa baduku na bakin kasuwa ya sa musu ƙasan taya, ya ɗinke da zare mai kauri. Na wanke su da kaina. Hajo ta gan ni ina shanya ta ce, "A gaida Sun-Taho, a ce masa wannan karon in ya wuce ya amsa gaisuwa." Maganar da na yi a kansu ranar nan na janye ta. Na yarda, Sani. Na yarda ka yi gudu.

Malam Habu zai juyo daga Yamai kafin jajiberin Sallar layya. Ina son amsarka a hannunsa, kada ta wuce wannan ranar. Ba sai ka cika takarda ba, kuma ka yi manyan haruffa don idona. Ka gaya mini abu biyu: ko ka rubuta sunanka, da sunan wanda yake tsaya maka a ƙofa da asuba.

Ka gaida kawunka da matarsa da yara. Babanka yana sa maka albarka, Dije tana gaishe ka, kakarka tana jiran amsar maganar tuwo. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya ƙarfafa gwiwarka, ya buɗe ƙirjinka, ya kai ka inda kake nufi ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Takalman kuma, ranar da za ka zo gida ka zo mini da su. Zan juya su in duba ƙasan. Baduku ya rantse tayar nan sai ta shekara ba ta cinye ba. Ina so ka ƙaryata shi.

Ni ce mahaifiyarka,
Inna